Asuwaki Ya Cinye Mini Dasashi

Ina kishingiɗe baki buɗe, likita a Maraɗi ya daɗe yana leƙen haƙorin da ya dasa mini bara.

"Malam, da me kake goge baki?"

"Asuwaki mana. Mu a Madarunfa sai mun ga jini muke yarda baki ya wanku."

"To, ka kankare dasashin, har ƙarfen da ke riƙe da haƙorin ya fito. In ban yanko nama daga ganɗa, can saman bakinka, na ɗinka a wurin ba, haƙorin zai tafi."

"Daga bakina kuma?"

"To daga na wa, Malam?"

Jibi za a yanka. Tsabta dai na yi, ga inda ta kai ni. Wanda aka taɓa yi wa, don Allah ya faɗa mini gaskiya: yaushe ya koma cin tuwo?