Farin Hankici a Kan Rufin Tasha

Ban taɓa mantawa da wata Talata ta watan Janairu ba, shekara ta biyu da hawan sojoji mulki, ƙarfe bakwai na safe. Mu uku ne a tashar auna yanayi ta Yamai: ni, da shef ɗinmu, wato shugaban tashar, Mushe Daniyel, mutumin Dogon Dutsi, da wani kapiten da aka ɗora wa sa ido kan ma'aikatarmu. Ina cikin watannin gwaji, ba a tabbatar da ni a aikin ba tukuna.

Aikina shi ne in hau rufi kowace awa in duba iyakar inda ido ke kaiwa. Muna da alamomin da aka auna nisansu, mafi nisa shi ne tudun da ke bayan unguwar Lamorde. In ya ɓace, sai a rubuta dalili cikin kaye, wato littafin awonmu: ƙura ko hayaƙi. Tun shigowar fari, kowa ƙura yake rubutawa ko bai ɗaga kai ba. Ni kuwa safiya tara a jere na rubuta hayaƙi, domin babu iska, kuma daga wajen sansanin Lazare abin yake tasowa, inda waɗanda fari ya koro suke hura wuta.

Kapiten ya ce rahotonmu yana fita ƙasashen waje, kalmar kuma za ta sa a ɗauka Yamai ta cika da 'yan gudun yunwa. Ya ce in goge, ko a nemo wani mai ido.

Mushe Daniyel bai yi gardama ba. Ya roƙi awa ɗaya, ya jiƙa farin hankicinsa ya shanya a rufi, ya sa aka dafa shayi. Da aka sauko da hankicin, sai ya miƙa wa kapiten.

"Mon kapiten, da ƙura ce, da ya yi ja. Shinshina ka ji."

Hankicin ya yi toka-toka. Kapiten ya kai shi hanci, ya jima, sannan ya ce wannan ai ƙamshin murhun gyatumarsa ne. Ya dube ni.

"Bar shi yadda yake, ƙane. Amma ka gyara rubutun nan, kamar tonon kaza."

Ranar na gane cewa mai awo abin da ya gani yake rubutawa, kuma shef nagari hujja yake miƙa wa na sama, ba musu ba.

An tabbatar da ni kafin damina. Bayan shekaru, malaman jami'a suka zo suka kwafi kayen, suka ga safiyoyin hayaƙi suna ƙaruwa yadda birnin yake faɗaɗa. Daga waɗancan tara suka fara ƙirga.