Likitan Da Bai Taɓa Warkar Da Kowa Ba

Mijin yayata tela ne kafin ya zama likita, kuma bai shiga wata makaranta ba tsakanin biyun. Shagonsa yana bayan babban ɗakin taro na gari, ɗan ƙarami, keke ɗaya da benci da madubi mai tsaga a kusurwa. 'Yan ƙungiyar wasan kwaikwayo da ke atisaye a ɗakin taron su ne manyan masu kawo masa ɗinki: yau rigar alƙali, gobe kakin ɗan sanda. A gida Malam muke ce masa. A waje kuwa, shekara talatin ke nan ba wanda ya san shi da wani suna sai Sai Haƙuri.

Wata rana aka ba shi ɗinkin farar rigar likita. Ya zuba mata tsawo har ƙasan gwiwa, irin nasa, don shi dogo ne siriri. Ranar wasa wanda zai fito a likitan ya kwanta zazzaɓi. Darakta ya gwada rigar a jikin mutum uku, kowa ta haɗiye shi. Sai ya juyo ya dubi Malam da ya zo gyara maɓalli.

"Tela, kai ka ɗinka ta, kai za ka sa ta. Magana ɗaya ce: sai haƙuri, mun yi iya ƙoƙarinmu."

Ina cikin 'yan kallo ran nan, ni da Yaya, lokacin tana amarya. Ya fito da awon ɗinki rataye a wuya, ya manta bai cire ba. Ɗaki ya ɗauki dariya. Shi kuwa tsoro ya sa gumi ya rufe masa gilashin ido, sai ya cire a hankali, ya goge da gefen riga, ya dubi ƙasa, sannan ya faɗi maganar da wata murya kamar wanda ya haɗiyi allura. Dariyar ta tsaya cak. Wata tsohuwa a gabanmu ta fara share hawaye.

"Wa ya koya maka cire gilashin nan?" in ji darakta bayan an tashi.

"Ba na gani ne," in ji Malam.

"To kada ka sake gani."

Shekara takwas ya yi a dandamali, daga nan talabijin, daga nan fim. Ya fito a magatakardan kotu, ya fito a shugaban makaranta, sau biyu ya fito a mai gidan haya, amma duk sanda labari ya kai ga ƙofar ɗakin tiyata, shi ake aika wa. Ba ya wuce minti uku a allo. Duk da haka sai ya kwana biyu yana shiri, ya goge rigar da kansa, ya tsaya gaban madubi yana gwada numfashi. Yaya kuwa lissafin mamatan take yi.

"Malam, na jiya shi ne na tamanin da huɗu. Ba ka tunanin komawa ɗinki? Can ko ka ɓata, hannun riga ne."

"Ke ba ki san aiki ba. Kowane da irin mutuwarsa. Na jiya ai sai da na kalli sama tukuna."

Mutumin nan ko yatsa aka yanke a gabansa sai ya nemi wurin zama. Ranar da aka kai babbar 'yarsu rigakafi, ita ta fito tana tsotsar alewa, shi aka fito da shi ana yi masa fifita.

Abin ya fara damunsa ne ranar da maƙwabcinmu mai gyaran rediyo ya kwanta a asibiti. Malam ya sayi lemo ya tafi dubiya. Yana shiga doguwar barandar, wata mata da ke jiran ɗanta ta hango shi, ta ɗora hannu a ka. Matar maƙwabcin ta tare shi a bakin ƙofa.

"Don Allah Malam, ba ni lemon, zan gaya masa ka zo. Jikin da sauƙi, kada ya gan ka."

Ya dawo gida bai ci abinci ba. Washegari ya sami darakta ya ce shi dai a rubuta masa mara lafiya ɗaya da zai tashi, in ba haka ba ya ajiye riga. Aka rubuta. Ya ce mu zo mu gani. Aka kunna kamara, ya buɗe ƙofa ya fito, hannunsa ya tafi ga gilashi bai ma sani ba, wadda ta fito a matar majinyacin ta kwanta tana birgima tun bai buɗe baki ba. Aka sake. Ya ce, "Albishirinki, ya farfaɗo," da fuskar da ta sa mai riƙe da fitila ya ce Allah ya jiƙansa. Sau goma sha ɗaya ana maimaitawa. Daga ƙarshe darakta ya karɓi takardar, ya ja layi da biro.

"Tela, yi haƙuri. Kashe shi mu tafi, rana na faɗuwa."

Lokacin da mahaifiyarmu ta rasu, Malam kaɗai ne a asibitin, mu mun dawo gida ɗaukar mata kaya. Shi ya zo gaya mana. Ya tsaya a bakin ƙofar falo, ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa. Sai ya zauna a ƙasa kusa da takalma ya fashe da kuka kamar yaro, har Yaya ce ta koma tana rarrashinsa. Ta fi shekara ba ta sake yi masa lissafi ba.

Yanzu gemu ya yi fari, gwiwa ta fara ƙara in zai tashi. Shagon yana nan, yakan zauna da hantsi ya yi ƙananan gyare-gyare, masu wucewa suna tsayawa a ɗauke su hoto da shi. Samarin daraktoci sun ce ya tsufa da tiyata. Ya yi wata uku yana fushi, yana cewa yaran yanzu ko buɗe ƙofa ba su iya ba.

Watan jiya wata darakta mace ta kira shi. Direban motar haya take so, tsoho mai surutu, shafi shida cur na magana. Ta tambaye shi ko ya iya tuƙi, ya ce tun ba a haife ta ba. Bai taɓa riƙe sitiyari ba. Mijina ne ke koya masa da yamma a filin bayan gida, ni da Yaya muna kallo daga nesa. Ranar farko ya take durom ɗin ruwa, ranar ta biyu ya bi ta kan igiyar shanya da kayan a kai. Jiya dai ya zagaya filin sau biyu bai taɓa komai ba, ya leƙo ta taga yana ɗaga mana hannu.

"Riƙe da hannu biyu, Malam!" in ji Yaya. Ranar Litinin za a fara ɗaukar fim ɗin.