Baturken da Aka Ce Ya Saci Waƙarsa

Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, aiki ya ɗauke Baba zuwa Birnin Kebbi, aka bar mu Argungu wajen kakarmu Hajiya Kulu. Bayan isha'i takan zauna gindin murhun da take turara shinkafa, mu kewaye ta. Tsohuwar nan ba ta da tausayi a tatsuniya. Wanda ta ga dama sai ta kashe shi, ta ci gaba da iza wuta.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta Baturke. Ta ce wata tsohuwa 'yar Turkiyya ce ta ba ta labarin a Madina, ta bakin tafinta.

Wai wani mawaƙi ne masu mulkin ƙasarsu suka hana shi fitar da baiti ko ɗaya da sunansa, fassara kawai aka yarje masa. Sai ya ƙirƙiro wani mawaƙin ƙasar waje da ba a taɓa haifa ba, ya raɗa masa suna, ya ba shi gari. Ya riƙa tsara waƙoƙinsa yana cewa na baƙon ne ya fassara. Ƙasa ta ɗauka, yara suka haddace. Da mulki ya sauya ya fito ya ce nasa ne, aka ce tsufa ya koya masa sata. Ɗalibansa suka daina gaishe shi. A zaman makokinsa aka rera waƙar baƙon, aka yaba masa iya fassara.

Ranar farko kuka na yi. Na ce, "Kaka, ba wanda ya yarda da shi?"

Ta yi dariya. "Wa za ya yarda, ɗiyata? Shi yag gina ƙaryar da kyau. Tashi ki kwanta."

Na zama budurwa lokacin da wasu malamai suka zo gidan Baba a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi, inda muka koma har da Kaka, za su buga waƙoƙin wa'azin marigayi Malam, kakanmu, waɗanda matan unguwarmu ke rerawa wajen daka. Baba na karantawa, Kaka ta gyara masa baiti. Sannan ta ce, "Ni niy yi su duka. Malam cewa yay yi ba a jin wa'azi bakin mace, shi ad dalilin da munka sa sunanai."

Baba ya dubi baƙi ya ce, "Ku yi haƙuri, tsufa ne." Ya sa aka shigar da ita ɗaki. Littafi ya fito da sunan Malam, ita kuma aka gode mata da ta riƙe waƙoƙin mijinta a ka. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Yanzu fassara ce sana'ata. Na daɗe ina neman Baturken nan a littattafai da bakin waɗanda suka yi karatu can, ban same shi ba. Daga baya wata mata da suka yi aikin hajji tare da Kaka ta gaya mini Kaka ba ta taɓa zama da wata 'yar Turkiyya ba.