Kokon da bai kai Agoè ba

Ban taɓa mantawa da ranar da Hadiza ta dawo da ɗanta Isa gidan awon yara na Zongo ba. Ku sababbin shiga aikin nan, ku ji.

Zamanin jam'iyya ɗaya ne. Gwamnati ta sa kuɗi a koya wa uwaye ciyar da yara da abincin gida: kokon masara da garin wake, gyaɗa, ƙananan kifi. Madam Afi ce shugabarmu. Ni ban yi karatu ba, nawa damun koko ne da maida maganarta Hausa, 'yata Ladi na goye.

Isa na cin kofi guda har ya lashe cokali. Sai Hadiza ta samu ciki. A wurinmu mai ciki ba ta ba da nono, ana kai yaro yaye gidan kaka. Aka kai shi Agoè, wurin kakarsa.

Na ce, "Madam, mu je mu nuna wa tsohuwar yadda ake kokon."

Ta ce, "Kuɗin na uwaye ne, a nan wurin. Ba a ba mu na mota ba. Ni zan biya?"

Da damina aka dawo da shi. Kumatu sun cika, ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja. Kakarsa na biye, tana cewa, "Ku duba yadda maigidana ya yi ƙiba!" Ba mugunta ba ce. Koko tsura take ba shi, wai kifi na sa yaro kwaɗayi, ƙwai na sa shi sata.

Madam ta danna ƙafarsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta ce, "Asibiti, yanzu." Na faɗa da Hausa. Tsohuwar ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, na raini 'ya'ya tara."

Isa bai ga ƙarshen daminar ba.

Ba a jima ba ni ma na samu ciki. Uwar mijina ta aiko a shirya mata Ladi, kuma ba ni da bakin hanawa. Na ƙulla garin wake da kifi zan kai mata. Ban sani ba ko za ta taɓa shi.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan: mu uwa muke koya wa, amma ranar yaye ludayin na hannun kaka. Kafin ku ɗora yaro kan sikeli, ku tambaya wa ke ba shi abinci.