Wanda Kaka Za Ta Hau Bayansa

A Sharaɗa na tashi, a wani gida da ke bayan kamfanin robobi, kuma a shekarun nan da babur ɗin acaɓa ya cika Kano. Kakarmu, Iya Abu, kunun gyaɗa take sayar wa ma'aikata a bakin ƙofar wata masana'antar fata a Challawa. Bayan magariba takan zauna gaban murhu tana suyar gyaɗar gobe, mu jikoki mu kewaye ta. Hannunta na juya gyaɗa a cikin yashi, bakinta na ba da labari, ba ɗayan da ke jiran ɗaya.

Mu biyu ne manya a jikokin, ni da Habu ɗan Kawu Sale. Ni dogo siriri, shi gajere kakkaura. Kawu ya ce duk wanda Iya ta yarda ta hau bayansa da bokitin kununta, shi zai bar wa babur ɗinsa ya riƙa kai ta, sauran yinin kuma babur nasa ne. Wallahi ko abinci na daina jin daɗinsa. Ta gwada mu sau ɗai-ɗai. Sai da yamma ta gyara zama.

"To, ku matso, ga wata ta zo," in ji ta. "Uwar sarkin dawa ce za ta kai ƙwaryar nono biki, aka nemo mata 'yan acaɓa biyu, Zalɓe da Kwaɗo."

Ƙannena suka fashe da dariya. Ni ban yi ba, don na san inda aka dosa.

Wai Zalɓe ya fara ɗaukarta. Ya zo kwanar da ke gindin suri da gudu, bai rage ba sai da ya shiga tsakiya, sannan ya danna birki. Babur ya kwanta hagu, shi ya banƙare dama, ya zuro doguwar ƙafarsa yana jan ta a ƙasa don 'yan kallo su gani. Saiwa ta kama ƙafar. Nono a ƙasa, tsohuwa a ƙasa. "Shi ya sa har gobe in kun ga zalɓe a bakin ruwa, ƙafa ɗaya yake tsayuwa," in ji Iya. "Ɗayar ciwo take."

Kwaɗo kuwa tun daga nesa ya rage wuta. Ya dunƙule, ƙafafunsa a kan mataki, gwiwoyinsa manne da tanki, idonsa can inda hanya za ta miƙe. Babur ya karkata kaɗan, shi ma ya bi shi, tsohuwa ta bi bayansa, nono bai ko motsa ba.

Ta ɗago ta dubi Habu. "Ko ba haka ba, angona?"

Angona! A da ni take kira haka, tun kafin Habu ya dawo gidanmu. Na ji kamar an watsa mini yashin suyar nan a ƙirji.

"Iya, ke me kika sani a babur?" na ce. "Ko kunna shi ba ki iya ba."

"Ban iya ba, ɗan nema. Amma ni ke zaune a baya da kunu mai zafi a cinya. Kai idan ka zo kwanar da ruwan fata ke kwarara, kwantar da shi kake kamar za ka yi masa wanka, kana shara da silifa. Tsoro ne ke fito maka da ƙafa, kai kana zaton gwaninta ce."

Habu aka bai wa makulli. Kullum da safe ina leƙe ta taga, ina kallon yadda take dafa kafaɗarsa. Na yi fatan ya zubar da kunun nan ko da sau ɗaya. Bai taɓa ba, ɗan banza.

Haushi ne ya koya mini abin da lallashi ya kasa. Na riƙa aron babur ɗin wani abokina ina zagaya fili da gwangwanin ruwa ɗaure a baya. Na hana ƙafata sauka, na koyi gama birki kafin kwana, na koyi ɗaga ido daga tayar gaba. Amma ko da na iya, Iya ta bar sana'a, idonta ya yi rauni, Habu kuma ya samu aiki a Bompai ya tafi da babur.

Bayan wasu shekaru, ranar da ciwon ƙirji ya tasar mata, ni kaɗai ne babba a gida. Na aro babur ɗin abokin nan nawa don in kai ta asibiti, aka ɗora ta bayana, aka ɗaure mu da zane. An yi ruwa, kwalta na santsi, ga man tirela a kwanar fita unguwa. Na rage tun daga nesa, na karkata kaɗan, na ji ta biyo ni. Da muka miƙe sai ta bubbuga kafaɗata.

"Allah ya yi maka albarka, Habu," ta ce. "Kai dai ba ka taɓa girgiza ni ba."

Na buɗe baki zan ce Nura ne, sai na fasa. Daga asibitin nan ba ta dawo ba.

Yau ni ke koya wa 'ya'yan Habu babur, don shi ya yi tumbi, mota yake hawa. Na daɗe ina juya maganar nan. Yabon da na fi nema a duniya na same shi, daga bakinta, a kan tuƙina, kuma da sunan wani. Ban taɓa gaya wa Habu ba, ba kuma zan gaya masa ba. Yabon da ya sha a gabana ya ishe shi.