Babin da Ya Jira Rahila

Kakata Ladi ba ta yin tatsuniya sai hannuwa suna aiki. Da an gama tuwon yamma, sai ta jawo kwandon gyaɗa kusa da murhu, ta tura itace guda cikin wuta, mu kuma mu zagaye ta muna ɓara. Gidanmu yana wani lungu ne a bayan kasuwar Kontagora, mu kaɗai ne Kirista a layin, don haka rabin masu sauraronta 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi ne. Kiran sallar isha'i shi ne ƙarshen hira. Ko labari ya kai inda ya fi daɗi, da an yi kira za ta tafa hannu ta ce kowa ya tashi, kada iyayensu su ce tsohuwa ta hana yara ibada.

'Yar Kambari ce daga wajen Sahon Rami, Hausarta tana da nauyi, kuma tana da nata salon buɗe labari. Takan ce, “Ga baƙuwa a ƙofa.” Mu amsa da ƙarfi, “A shimfiɗa mata tabarma!” Yayana Bulus, wanda ya girme ni da shekara biyar, shi ne ya fi kowa ɗaga murya, don a lokacin ne yake samun damar watsa gyaɗa a baki. Kaka ba ta ko juyowa. Takan ce, “Bulus, bakinka ya fi kwandon cika,” ta ci gaba da abinta.

A cikin tatsuniyoyinta akwai guda da ban taɓa so ba ina yaro. Labarin wata mai ginin tukwane ne, wadda Allah ya ba ta hannu, duk abin da idonta ya gani tana iya zana shi a jikin tulu kamar zai yi motsi. Tana da maƙwabciya mai suna Tani. Wata shekara rumbun Tani ya ƙare tun damina ba ta yi nisa ba, amma ba ta gaya wa kowa ba. Kullum da la'asar sai ta ɗauki taɓarya ta yi ta daka turmi, alhali babu ko ƙwayar dawa a ciki, don dai maƙwabta su ji ƙara su ce gidan Tani ma ana shirin tuwo. Ran nan mai tukwane ta leƙa ta saman danga ta gani. Tausayi ya kama ta har ta kasa cin abinci. Ta zauna ta gina tulu mafi kyau a rayuwarta, ta zana mace tana daka turmin da babu komai, ta kai kasuwa. Ba ta faɗi sunan kowa ba. Amma ta zana ɗaurin ɗankwalin matar daidai, kuma a duk garin Tani kaɗai ke irin wannan ɗauri.

Mutanen garin ba mugaye ba ne. Kafin rana ta faɗi an jera kwanukan dawa da gero a ƙofar Tani. Da gari ya waye, kwanukan suna nan yadda aka ajiye su, ko faifai ba a ɗaga ba. Tani ta kwashe 'ya'yanta ta bar garin.

A nan ne kullum nake tayar da gardama. “Kaka, ai taimakonta ta yi!”

“Ta tambaye ta?”

“Amma ai gaskiya ta zana!”

“Ishaya, ban ce ta yi ƙarya ba. Cewa na yi, ta tambaye ta?”

Sai ta ƙarasa: mai tukwane ta bi ƙauye bakwai kafin ta sami Tani, ta durƙusa tana ba da haƙuri. Tani ta dube ta ta ce, “Tsakanin gidana da naki danga ce kawai. Da kin zagayo ta ƙofa, da ni da ke mun san abin da za mu yi.” Daga nan Kaka ta ce baƙuwa ta naɗe tabarmarta, ke nan labari ya ƙare. Ba ta taɓa gaya mana ko Tani ta koma gida ba. Mun tambaya har mun gaji.

Na girma, na yi aikin koyarwa har na yi ritaya, Kaka ta daɗe da komawa ga Ubangiji. Abin da na daɗe ina buri shi ne in rubuta labari guda mai tsawo, na mutumin da ya ɓace Allah ya nemo shi. Da ajami na rubuta shi. Tun kafin a sa ni boko, Malam Sani mai ɗinki, maƙwabcinmu, ya koya mini ajami tare da 'ya'yansa, Baba kuma ya ce ilimi ilimi ne, in je. Har yau idan abu ya fito daga zuciyata, daga dama hannuna yake farawa. Na cika littattafan rubutu shida. Na aika wa masu buga littattafai biyu bayani, ɗaya bai amsa ba, ɗaya ya ce labarin Kirista da Hausa ba shi da masu saye. Na yi addu'a, na ce to, zan buga da kaina. Na sami wani mai maɗaba'a a Minna da ya yarda, muddin na kawo masa rubutun a kwamfuta.

Sai na nufi shagon Malama Hauwa da ke kusa da tasha, wata dattijuwa da ta shekara da shekaru tana buga wa mutane takardu. Ta buɗe littafin farko, ta juya shi sama da ƙasa, ta ce, “Malam Ishaya, na yi makarantar allo, amma wannan kamar tururuwa ce ta faɗa tawada ta fito. Sai dai ka zauna ka riƙa karantawa ina bugawa.”

Haka muka yi, kullum bayan azahar. Ban ankara ba sai ga ni na zama Kaka. Mai shayin ƙofar shagon ya fara matso da bencinsa. Alhaji Ɗanjuma mai kayan babur, sa'an yayana, ya riƙa barin shagonsa yana zuwa. Idan na tsaya shan ruwa sai ya ce, “Fasto, ci gaba mana, ka bar mana mutum a mashaya!” Ni ba fasto ba ne, amma ya ƙi daina kirana haka. Na ji daɗin kwanakin nan ƙwarai. Faston ikkilisiyarmu na gaske har ya sanar daga bagade, a gaban masu ibada, cewa za a ƙaddamar da littafin ranar godiyar kaka, wato bikin gode wa Allah bayan girbi.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, Haruna, mutumin da ya ɓace a cikin littafin, yayana Bulus ne. Yana da 'ya'ya biyu ƙanana burkutu ya ɗauke shi, ya bar gida shekara uku, yana gararamba a ƙauyukan bakin ruwa. Matarsa Rahila ta gaya wa yaran da maƙwabta cewa ya tafi aiki Kainji, yakan zo jefi-jefi. Bulus ya dawo, ya tuba, yau dattijo ne a ikkilisiya, 'ya'yansa kuma har suka yi aure abin da suka sani ke nan: Baba ya yi aiki a Kainji. Na canza sunaye, na canza gari, na ga kamar na gama abin da ya wajaba.

Ranar da muka kai babi na tara, ina karanta yadda matar Haruna takan fito da wata shuɗiyar rigar mijinta duk Asabar, ta wanke ta, ta shanya a igiyar da ake hangowa daga titi, don masu wucewa su ce maigida ya zo. Na ga wannan da idona, a lokacin ina zaune a gidan. Malama Hauwa ta daina bugawa ta ce, “Allah sarki.” Alhaji Ɗanjuma kuwa ya dafa goshi.

“Tsaya, Fasto. Wallahi na san rigar nan. Shuɗiya, mai aljihu biyu. A wane layi ne ma nake ganinta in zan wuce…”

Na rufe littafin na ce kaina ke ciwo, mu bari sai gobe. A hanyar gida ba wa'azin kowa na ji a kunnena ba, sai muryar Kaka mai nauyi: ta tambaye ta?

Washegari na hau mota zuwa Zugurma, inda Bulus da Rahila suka koma noma. Na sami Yaya a gindin mangwaro yana gyaran ƙotar fartanya. Na gaya masa komai, na karanta masa babin.

“Ni ba ni da sauran fuskar da zan ɓoye, Ishaya,” ya ce. “Wanda ya ɗauko ni daga kwata ya riga ya ga komai. Amma rigar nan ba ni na shanya ta ba. Rahila tana can bayan ɗaki tana sussukar masara.”

Rahila ta hango ni ta yi dariya. “Maigida ƙarami! Yau wace iska? Ko ka zo biyan kuɗin cefanen da ba ka taɓa bayarwa ba?” Wasan da muka saba ke nan tun tana amarya. Na ce mata yau ba wasa ya kawo ni ba. Na zauna a kan turmi na karanta mata, tana sussuka, ba ta ɗago ba har na kai ƙarshe.

“Ashe leƙena kake yi,” ta ce.

“Ban yi niyyar tona miki asiri ba, Maman Dauda. So nake mutane su ga bangaskiyarki.”

“Wace bangaskiya? Ka rubuta wai ina wanki ina hawaye ina waƙar yabo. Ƙarya ne. Zaginsa nake yi. Ina dirje wuyan rigar ina cewa, Ubangiji, ka dawo mini da shi da ransa in shaƙe shi da hannuna. Addu'ata ke nan shekara uku.”

Na yi dariya ban shirya ba, ita ma ta yi. Sai ta ajiye masarar, fuskarta ta canza.

“Dauda da Saratu ba su sani ba. Ni na yi musu ƙaryar nan, ba ubansu ba. Ba za su ji ta daga bakin takarda ba, ko daga bakin wani a tasha. Ka ba ni lokaci in gaya musu da kaina.”

“Har yaushe?”

“Har in iya. In kuma ban iya ba, ka haƙura.”

Babi na tara shi ne ƙashin bayan littafin, in an cire shi sauran ba zai tsaya ba. Na dawo Kontagora na gaya wa Fasto a janye sanarwa, ban faɗi dalili ba. Ranar godiyar kaka ta zo ta wuce. Wasu a ikkilisiya suka ce dama tsohon malami cika baki ya yi. Alhaji Ɗanjuma ya riƙa tare ni a hanya: “Fasto, ka kashe Haruna ne ka ɓoye gawar?” Na ce masa yana nan da rai, yana jiran izini. Bai sake tayar da zancen rigar ba, kuma har yau ban sani ba ko mantawa ya yi ko kuwa ya tuna ne ya yi shiru. Ba zan ce ban ji zafi ba. Akwai ranakun da na buɗe akwati na dubi littattafan nan shida na ce wa Ubangiji, shekaruna fa suna tafiya.

Damina ta sake zuwa ta wuce. Ina cikin ban ruwan barkono a bayan gidana wayata ta yi ƙara.

“Maigida ƙarami, na gaya musu. Saratu ta yi kuka, Dauda ya yi kwana biyu bai yi wa kowa magana ba, jiya kuma ya je gona ya taya ubansa ɗaurin dawa. Ka buga abinka. Amma ka cire waƙar yabon nan, ka sa zagin.”

Na sa shi kamar yadda ta faɗa, kalma da kalma. Duk wanda ya karanta littafin, wannan shafin yake fara ambata mini. Wata mata ta tare ni bayan sujadar Lahadi ta riƙe hannuna ta ce ba ta taɓa sanin cewa irin addu'arta ma addu'a ce ba.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar Kaka a kan masu tsegumi take, shi ya sa na ga an zalunci mai tukwane. Sai da na tsufa na gane cewa a kan mutanen kirki take, irina, masu ganin cewa tun da niyya ta yi kyau kuma abin gaskiya ne, to, ya zama nasu. Na ce don ɗaukakar Allah nake rubutu, na manta cewa Allahn da kansa ya rufa wa matar nan asiri shekara talatin, bai yi gaggawa ba. Wanda kuma ya buga littafinsa da kansa ba shi da wani a samansa da zai ce masa dakata. Ba don rubutuna ya gagari Malama Hauwa ba, da sai dai in ji labari bayan littafi ya shiga gari.

Mun ƙaddamar da shi a ikkilisiya ba tare da wani taro mai yawa ba. Aka ajiye mini tebur a bakin ƙofa ina sa hannu. Dauda ya zo ya ɗauki guda, ya gaishe ni da ladabi, ya ari birona. Sai ya wuce ni, ya je layin mata inda uwarsa ke zaune, ya durƙusa, ya buɗe mata babi na tara a kan gwiwarta. Rahila ba ta saba riƙe biro ba. Ta daɗe tana rubuta sunanta, harafi bayan harafi, mutanen da ke kan layi kuma suka tsaya jira, don ba ni da wani biron.