Allurar Da Ba A Zubawa A Kunu

Cikin ranakun da na yi a wannan aiki, akwai wata Talata da har yau ba ta bar raina ba. Lokacin sanyi ne, jim kaɗan bayan azahar, a ɗakin ba da shawara na asibitinmu da ke Tottenham. Mu uku ne a ciki: ni, da Sista Ramatu wadda ke shugabantar nas-nas na sashen, da wani mutum da zan kira Alhaji Bala. Ba sunansa ke nan ba, kuma na sauya duk abin da zai sa a gane shi.

Ga waɗanda ba su san sashenmu ba, nan ake gwaji da maganin cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Mutum ba ya buƙatar takarda daga GP, wato likitan unguwa, ba ya biyan ko sisi, kuma bayanansa ba sa fita daga sashen sai da izininsa. Idan gwaji ya nuna cuta, likita ya rubuta magani, nas ta bayar, sai ni mai ba da shawara in zauna da mutum mu duba wa da wa ya kamata a sanar domin su ma a yi musu magani. Kafin in zo London aikin rediyo na yi a Kaduna, na kuma saba karanta labari mara daɗi ba tare da muryata ta yi rawa ba. Shi ya sa Sista take kirana Mai Labarai.

Akwai wani rukunin maza da muka sani sarai: masu tafiya wata ƙasa da sunan saro kaya ko hutu, alhali wani ɓangare na tafiyar neman mata ne da kuɗi. Masu dabara cikinsu kan zo kafin tafiya. Su nemi rigakafin ciwon hanta, su tambayi maganin kariya daga ƙanjamau, su cika aljihu da kwaroron roba, kuma kusan kowannensu da "wani abokina ne" yake fara magana. Sauran sai sun dawo muke ganinsu. Damuwarsu iri ɗaya ce: kada ɗan masallacinsu ya gan su a wurin jira, kada saƙonmu ya shigo waya matar gida ta gani. Wani ma an ɗauki hotonsa a otal ana yi masa barazana da shi, ya rasa wanda zai faɗa wa sai mu.

Ƙa'idar Sista a kansu ita ce ba a yin wa'azi a ɗakin magani. Takan ce limami ya fi mu iyawa, kuma wanda ka kunyata yau ba zai dawo gwaji gobe ba. Amma akwai abubuwa biyu da take faɗa wa kowanne ido da ido: cewa da yawa daga cikin matan nan ba da son ransu suke wurin ba, da kuma cewa duk wanda ya kusanci ƙaramar yarinya a kowace ƙasa, dokar nan za ta bi shi har can.

Alhaji Bala yana cikin waɗanda sai sun dawo muke ganinsu. Shekarunsa sun kai hamsin, yana zaune a Dagenham, yana da shagon kayan waya, kuma yakan tafi wani birni a Asiya saro kaya tare da abokansa. Suna da tasu dabarar da suka yarda da ita ƙwarai. Kafso ja-da-baƙi ake aiko musu daga kemis na can ƙasarsu, a haɗiyi biyu kafin, a haɗiyi biyu bayan, wai ba abin da zai kama mutum. Abin da ya kawo shi wurinmu wasu ƙuraje ne a tafin hannu da ba sa ƙaiƙayi, waɗanda ya ɗauka sabulu ne bai karɓe shi ba. Gwajin jini ya nuna tunjere. Ba a ga ƙanjamau ba.

Ya karɓi labarin da natsuwa. Ya tambaya ko ana warkewa, na ce ana warkewa sarai da allura. Har ya yi raha cewa shi da allura ba sa ga maciji tun yana firamare. Daga nan na tambaye shi iyali. Ya ce matarsa ɗaya, Maman Walid, kuma tana da cikin wata shida. Ya ƙara da cewa kada in damu, an yi mata gwajin jini tun farkon cikin, an ce komai lafiya.

Na tambaye shi yaushe ya yi tafiyar. Bayan gwajin nata ne.

Ga abin da hakan ke nufi. Ana gwada kowace mai ciki a farkon awo, kuma idan sakamako ya yi kyau ba a cika maimaitawa ba sai da dalili. Tunjere kuwa yana ratsawa daga uwa zuwa abin da ke cikinta. Yana iya kashe ɗan tun a ciki, ko a haife shi da lahani, alhali uwar ba ta jin ciwon komai. Idan aka yi mata allura da kyakkyawar tazara kafin haihuwa, galibi ɗan yana tsira. Kuma a duk duniya mutum ɗaya ne ya san akwai dalilin sake gwada Maman Walid, shi ne ke zaune a gabana. Sai na tashi na kira Sista.

Sista Ramatu haifaffiyar zangon Kumasi ce, gajeruwa, ba ta ɗaga murya. Hausarta irin ta zango ce da ba ruwanta da bambanta namiji da mace, na kuma daidaita yawancinta a nan. Ta shigo, ta gaishe shi, ta zauna.

"Alhaji, matarka ya sani?"

Ya ce ba ta sani ba, kuma ba za ta sani ba. Ya matso da kujerarsa, ya sassauta murya. "Hajiya, ki rufa mini asiri, Allah ya rufa miki naki. Ki ba ni ƙwayoyin kawai. Tunda cikin ya yi nauyi ni nake dama mata kunun gyaɗa kullum da safe. In daka in zuba, shi ke nan, ba wanda ya ji ba wanda ya gani."

Ni abin da na ji shi ne mutum yana shirin ɗura wa mai ciki magani a ɓoye, har na buɗe baki zan karanta masa doka. Sista wani abu daban ta ji.

"Kai da kanka kake dama kunun?"

Ya ce shi ne, har da tace gyaɗar.

"To kana sonta ke nan. Ka rage mana rabin aiki."

Sannan ta yi masa bayani dalla-dalla. Maganin da ke isa ga jariri allura ce da ake yi a tsoka, ba a zuba ta a kunu. Dole a tambayi matar ko jikinta yana ƙin irin wannan magani, dole kuma masu awo su sa mata ido bayan an yi, domin takan jawo zazzaɓi ko ta motsa ciki. Ba wa mutum magani bai sani ba kuwa laifi ne babba a ƙasar nan.

Ya kawo shawara ta biyu: a kira ta a ce allurar masu ciki ce da aka saba yi. Sista ta ce ba za ta yi wa mace ƙarya a kan jikinta ba. Ni kuma na faɗa masa tsarin da muke da shi na aika saƙo ba suna, a ce wa mutum wani da ya yi hulɗa da shi ya kamu, ya zo a gwada shi. Sai ya ce a hankali, "Ita da ba ta san kowa ba sai ni."

Can ya miƙe, ya gyara hula, ya ce zai yi tunani, wataƙila in ta haihu hankali ya kwanta. Gaskiya ne akwai hanya ta ƙarshe da likitoci ke bi su sanar da mutum ko da majinyaci bai yarda ba, amma hanya ce mai tsawo, sai an zauna an auna, ciki kuwa ba ya jira. Ban ga abin da ya rage a faɗa ba.

Sista ba ta tare ƙofa ba. Kujerarta ta juya ta fuskance shi, ta ja gyalenta ta rufe kai, ta ɗora hannu a ciki.

"Zauna, Baban Walid. Ni ce ita. Ka dawo daga shago, yaro yana makaranta. Faɗa mini."

Ya dube ni kamar mai neman ceto. Na kawar da kai. Sai ya zauna.

Karon farko da ƙaddara ya fara. Ya kawo jarrabawa, ya kawo sharrin Shaiɗan, ya ce ɗan Adam ajizi ne. Ta katse shi: "Malam, wa'azi za ka yi mini? Shinkafata tana kan wuta." Ya yi 'yar dariya, dariyar ta mutu a hanya. Karo na biyu ya ce likitoci sun ce wataƙila a bayan gidan otal ya ɗauka. Ta ce to, gobe za ta tambayi nas, nas za ta ce ba a ɗauka a bayan gida, ƙarya ta zama biyu ke nan.

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Da ya sake magana ban gane muryarsa ba. Ya ce a tafiyarsa ta baya ya biya wata mace kuɗi ya kwana da ita, ya ɗauko cuta, kuma mai yiwuwa ya sa mata.

Sista ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka irin na wasan kwaikwayo ba. Ta ce, "Abin da ke cikina fa?"

Ya sake duban tafin hannunsa.

Ta sauke gyalen, ta koma Sista. Ta ce masa wannan ce tambayar da matar za ta fara yi. Tambayar wace ce, da tun yaushe, da sau nawa, duk suna nan zuwa daga baya kuma za su daɗe, amma kada ya shiga gida ba da amsar ta farkon a hannu ba. Ta sa ya maimaita har ya riƙe: akwai magani, an sanya mata lokacin ganin likita ranar Alhamis da safe, kuma zuwa da wuri shi ne kariyar ɗan. Ta tambaya ko matar tana da wani nata a kusa. Ya ce tana da wa a Barking. Ta ce ya faɗa mata da rana, kuma in ta ɗauki waya za ta kira yayanta, kada ya hana.

"In ta ce in sake ta fa, Hajiya?"

"Haƙƙinta ne ta ce. Ban yi maka alkawarin aurenka ba. Ɗan nake so mu fitar."

Bayan an yi masa tasa allurar, kafin ya tafi, ta tambaye shi ko yana da lambar matar da ya kwana da ita a can, domin ita ma tana buƙatar magani. Ba shi da ita. Ta tambayi sunanta. Bai sani ba. Sista ta ce, "Ita ma 'yar wani ce," ta tsaya a nan. Ta kuma ba shi saƙo ga abokan tafiyarsa, cewa kafsonsu ba ya kare komai sai dai ya ɓoye alamun cuta, su zo a gwada su.

Da ya fita na tambaye ta, in bai kawo ta ba fa? Ta ce tun kafin ta shigo ɗakin ta sanar da babbar likita, kuma in Alhamis ta wuce ba su zo ba, ranar Juma'a za a fara bin hanya ta ƙarshe. "Mai Labarai, ina da haƙuri da maza. Ba ni da shi da ciki."

Ranar Alhamis suka zo. Ita a gaba, shi a baya riƙe da jakarta. Ba ta dube shi ba ko sau ɗaya, kuma ta nemi ya jira a waje. Ban shiga ba. Daga baya Sista ta ce mini tambayar farko ta zo yadda ta faɗa, amma ta biyun ba ta shirya mata ba: matar ta tambaya ko Walid zai iya ɗauka, tunda da kofin babansa yake son shan shayi. Aka kwantar mata da hankali. Gwajinta ya nuna ta kamu, aka yi mata allura a ranar, aka haɗa ta da masu awo.

Abin da nake so sababbin ma'aikata su ɗauka shi ne wannan. Na san dokokin aikin nan duka a wannan rana, kuma da su kaɗai na tsaya, da mutumin ya fita da hularsa bai faɗa wa matarsa ba. Yawancin waɗanda ke ƙin faɗa wa iyalinsu sun riga sun san abin da ya kamata. Ba su taɓa jin kalmomin sun fito daga bakinsu ba ne, suna ganin in sun fito sama za ta faɗo. Sista takan ba su wuri su fara faɗa inda ba abin da zai karye. Kuma tana saurare har ta tsinci abu ɗaya mai kyau a mutum, ko da kunun gyaɗa ne, ta riƙe shi da shi. Ba ta taɓa rage girman laifin ba, ba ta kuma taɓa mantawa da wanda ba ya cikin ɗakin ba.

Maman Walid ta koma gidan yayanta a Barking kafin ta haihu. Ta haifi mace, likitocin yara suka bi jininta na wasu watanni, suka sallame ta lafiya lau. Alhaji Bala ya zo duk gwaje-gwajensa na baya shi kaɗai, bai tsallake ko ɗaya ba, ya kuma kawo biyu daga cikin abokan tafiyarsa. Ranar da na rufe fayil ɗinsa, matar ba ta koma Dagenham ba.